Fashin baƙi: Me ya kai farfesa cikin motar 'yan yawon buɗe ido?

Duk ƙarshen zangon karatu, makarantun kuɗi a Jos sukan sako wa iyaye takarda a jakar yara: za a je eskoshon, ga abin da kowane ɗalibi zai biya. Yawanci ba a ja, sai dai ɗan gunagunin da aka saba. Amma a zangon da ya wuce, a zauren WhatsApp na iyayen makarantar da 'yata take, kuɗin ya ɗara na bara, kuma dalilin da aka bayar shi ne an gayyato wani malamin jami'a, masanin duwatsu da ma'adinai, zai bi yaran, shi ma za a sallame shi. Nan fa zaure ya ɗau zafi. Wani uba ya rubuta cewa, "Malam, dutse ai dutse ne. Yaron da aka haifa a Jos ne za a biya kuɗi a nuna wa dutse?" Wata uwa kuma ta ce ita mamakinta yadda mutum zai yi digiri uku ya ƙare a ɗan rakiya.

Irin maganganun nan biyu ake yi a ƙarƙashin tallan da kan gilma a intanet, na jiragen ruwa masu kai mutane Antatika ko bakin kogin Nilu tare da masana kimiyya, malaman tarihi da gwanayen ɗaukar hoto. Wasu na ganin dabarar tsuga kuɗi ce kawai, wasu na ganin zubar da girma ne ga mai ilimi. To mene ne ainihin aikin masani a cikin tafiya, daga ina abin ya faro, kuma ya cancanci a biya?

Mutum uku ne, ba ɗaya ba

Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda muke kiran kowa ɗan rakiya. A tafiyar da aka tsara don ƙaruwa, ba don shaƙatawa kaɗai ba, akwai mutum uku da aikinsu ya bambanta.

Akwai mai shirya tafiya, wanda mota, masauki, abinci da lissafin kuɗi ke wuyansa. Akwai ɗan jagora na gari, wanda ya san hanya, ya san mai unguwar da za a fara gaisarwa, ya ji yaren wurin, ya san dutsen da ba a hawa da kurmin da baƙo ba ya shiga. Sannan akwai masani, wanda ya ɓata shekaru yana nazarin abin da aka je gani. Shi ba ya ɗaukar jakar kowa, ba ya cinikin ɗaki. Aikinsa ya tsaya gaban abin ya yi bayani, da dare ya ɗan yi lacca a kan abin da za a gani gobe, kuma ya zauna a ci abinci da shi ana yi masa tambayoyi. Wannan na ƙarshen ma ya fi tsada a wurin masu biya, don lacca kowa na iya samunta a YouTube, amma ka samu wanda za ka ce wa "ban gane ba, maimaita" alhali abin na gabanku, wannan ba ya samuwa a waya.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Duk wanda ya taɓa sauke farali ya san bambancin alhajin da ya je ziyara a Madina da malami, da wanda direba ya zagaya da shi kawai. Dukansu sun ga Uhudu. Amma ɗaya ya ga jan dutse ya ɗau hoto, ɗayan kuwa an tsayar da shi an nuna masa tudun da maharba suka tsaya, da ta inda mahaya suka zagayo, da inda Sayyidina Hamza yake kwance. Ba wanda ya taɓa cewa malamin bita ya zubar da girmansa don ya bi alhazai. Haka a zamanin fatauci, ayarin da ke zuwa Gwanja saro goro ba ya tashi sai da madugu da jagaba, kuma yawanci da malami a cikinsa. Tafiya don neman ilimi kuwa tsohuwar al'adar malamanmu ce, har yau almajiri na cewa ya tafi gabas.

A Turai ma manyan malamai sun yi wannan aiki. Adam Smith, wanda 'yan tattalin arziki ke ɗauka a matsayin kakansu, ajiye kujerarsa ta farfesa ya yi a Jami'ar Glasgow a 1764 don ya raka wani matashin basarake yawon ƙaro sani a Faransa, ana biyansa fam 300 a shekara, da fansho na tsawon rai. Sai 1766 suka dawo. Wancan na 'ya'yan sarauta ne. Abin ya sauko ga masu matsakaicin hali ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanin Swan Hellenic na Ingila ya fara kai mutane kufayin Girka ta jirgin ruwa a shekarun 1950, da masana irin su Mortimer Wheeler, shahararren mai tonon kayan tarihi, suna lacca a cikin jirgin.

Wanda ya fi kowa sauya fasalin harkar shi ne Lars-Eric Lindblad, ɗan asalin Suwidin. Ya kai 'yan yawon buɗe ido Antatika a 1966, ya kai su tsibiran Galafagos na ƙasar Ikwado a 1967, wuraren da a da sai masu bincike. Tunda babu otal, babu kasuwa, babu gidan rawa, abin da za a sayar wa matafiyi shi ne fahimtar abin da yake kallo, don haka dole a ɗauki masanin tsuntsaye, masanin ƙanƙara da masanin halittun ruwa. Kamfanin da ɗansa ya kafa ya ƙulla ƙawance da ƙungiyar National Geographic ta Amurka a 2004, kuma daga nan ne tsarin sa mai ɗaukar hoto a cikin ayari ya ƙara bazuwa. A Amurka akwai Road Scholar, wadda ta faro a 1975 don dattawan da suka yi ritaya amma ba su gaji da karatu ba.

A wasu wuraren ma doka ce. Ba a shiga wuraren ziyara na gandun Galafagos sai da jagoran da hukuma ta horar ta ba lasisi, kuma kada rukuninsa ya wuce mutum 16. A Antatika, ƙungiyar kamfanonin da ke kai mutane, wadda aka kafa a 1991, ta ƙayyade kada fiye da mutum 100 su sauka wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kowane mutum 20 da jagoransu. A can, masani malami ne kuma mai gadi.

Abin da ido ba ya gani shi kaɗai

Na bi yaran nan, don an ce ana son iyaye biyu ko uku. Motar ta tsaya a bakin wani tafki ta wajen Bukuru, irin waɗanda duk ɗan Jos ya saba wucewa. Daktan bai fara da magana ba. Wasu mata na gefe suna wankin kuza, sai ya je ya rusuna ya gaida babbarsu, ya ce, "Mama, a ba ni aron kwanon nan." Ya ɗebi ƙasa a kwanon sarki, ya tsoma a ruwa, ya fara juyawa. Tsohuwar ta dube shi ta yi dariya, ta ce, "Ɗana, ba haka ake yi ba, za ka zubar da abincin." Ta karɓa, ta karkata kwanon, ta rinƙa kaɗa shi a hankali, farin yashi na bin ruwa yana fita, har ya rage wani baƙin gari a gindi, bai fi cikin cokali biyu ba.

Sai ya sa yara suka buɗe tafin hannu. A dama ya zuba musu farin yashi, a hagu baƙin nan, daidai wa daida. Wata yarinya ta ce, "Kai! Wannan ya fi nauyi." Ya ce to kin gama gane sirrin sana'ar Mama: kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu, shi ya sa ruwa ke tafiya da ɗaya ya bar ɗaya. Daga nan ya ja su baya. Ya ce duwatsun da ke ɗauke da kuzar nan narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, ruwan sama ya yi ta cin su yana tara kuzar a kwazazzabai. Ya ce tun kafin Turawa, mutanen Ririwai na narka ta suna sayarwa. Ya ce saboda ita aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya har ya iso nan a 1914, kuma ita ta tara Hausawa, Ibo, Yarbawa da sauransu a Jos.

Sannan ya nuna tafkin ya ce wannan ba Allah-ya-yi ba ne, rami ne da injinan kamfanonin kuza suka haƙa suka tafi suka bari. Shi ya sa ba shi da gaɓa mai gangara a hankali kamar rafi, taku biyu sai zurfi, kuma shi ya sa yake cin yara. Ya ƙara da cewa tarkacen da ke ragewa bayan an tace kuza na iya ƙunsar ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, don haka kada a kwashe shi a yi shafen ɗaki. Ni da na shekara fiye da talatin ina wuce tafkunan nan, ban taɓa jin wannan ba.

Misali na biyu yana gabas da gari, a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000. Dajin bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙirga nau'in tsuntsaye kusan 300 a cikinsa. Akwai wani ɗan jan tsuntsu a wurin, bai kai gwara girma ba, wanda in ka gan shi ba za ka waiwaya ba. Labarinsa ne abin ji. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, yana nazarin wani ɗan baƙin tsuntsun tsaunukan Jos wanda ba ya sheƙa, sai dai ya saka ƙwansa a sheƙar wani, kuma ɗansa na tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Kukan da baƙin nan ke kwaikwayo bai yi daidai da na tsuntsayen da aka sani ba. Da aka bi diddigi, sai ga mai kukan a cikin duwatsu, nau'in da littattafan masana ba su san da shi ba, aka yi masa rajista a 1998 da sunan da ke nufin mai baya ja kamar jini. Akwai Turawan da ke biyan kuɗin jirgi don su zo su gan shi. Ba tare da wanda ya san kukansa ba, sai ka wuni a dajin ka ce ba ka ga komai ba.

Haka gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952. Mutum-mutumin Nok na cikin gilashi, yaro zai dube shi minti ɗaya ya wuce wajen birai a gidan zu. Amma a ce masa an fara tsintar irinsu ne a 1928 a ramin kuza kusa da ƙauyen Nok, kuma kan mutum-mutumin da ya buɗe wa Fagg ido a 1943 sai da ya yi zaman korar dabbobi a gonar doya kafin a kawo shi Jos. A ce masa masu yin su gero da wake suke nomawa, suna narka ƙarfe a Taruga, kusa da Abuja ta yau, ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, kuma binciken da aka wallafa a 2021 ya gano burbushin kakin zuma a tukwanensu. Nan take gunki ya zama mutum mai tuwo da miya. A bayan gidan kuma akwai filin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Folan ya tsara, da kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina. Wanda ya san yadda ake ɗaura azara a tayar da bakan gizo da laka zalla zai iya riƙe aji guda awa biyu a ƙarƙashin rufin nan.

Mai hoto fa, shi kuma me ya sani?

A kansa aka fi yin tsaki, tunda yanzu kowa da kyamara a aljihu. Amma gwanin hoto ba latsa maɓalli yake koyarwa ba. Lokaci yake koyarwa, da haƙuri. Ya san cewa duwatsun Riyom da tsakar rana farare ne fat kamar an wanke su, sai da hantsi ko bayan la'asar inuwa ke shiga tsagoginsu su fito da siffarsu. Ya san ƙurar hunturu na shafe tsaunukan Shere, amma bayan ruwan farko sai ka hango su tar. Zai sa ka zauna rabin awa wuri ɗaya kana jiran tsuntsu ya sauka, kuma a cikin zaman nan za ka ga abubuwa goma da da ka wuce su.

Akwai kuma ladabi, wanda a ƙasarmu ya fi haske muhimmanci. Ba a ɗaga wa matar aure kyamara a kasuwa ba tare da an nemi izini ba. Ba a ɗaukar yaron mutane a watsa a Instagram don rigarsa ta yage. A Abuja, wanda ya tsaya yana ɗaukar dutsen Aso ta ɓangaren da bai kamata ba, zai yi bayani a inda bai shirya ba, kuma tayar da jirgi maras matuƙi sai da izinin hukuma. Mai hoton kirki zai kuma hana ka wallafa ainihin wurin da sheƙar wani tsuntsu take, ko inda ake tono kayan tarihi, don ba masu sha'awa kaɗai ke kallon hotuna ba.

Abin da masu suka ke faɗa, da inda suke da gaskiya

Na farko kuɗi. Masani na cin kujera a mota, da ɗaki, da sallama, kuma tafiyar tasa ba ta yiwuwa da taron mutum sittin. Duk wannan a kan mai biya yake. Tafiye-tafiyen ƙasashen waje da ake tallatawa da sunan masana na masu hannu da shuni ne, ba sai an ɓoye ba. Amma ba daidai ba ne a auna kai ajin firamare Bukuru da ma'aunin jirgin Antatika. Sallamar malami ɗaya, in aka raba ta kan iyaye talatin, sau da yawa ba ta kai kuɗin lemo da biskit ɗin da ake sayen wa yaran ba.

Na biyu, kuma a nan ina tare da su: digiri ba shi ne iya bayani ba. Na taɓa bin wata tafiya da aka kawo mana wani babban malami, ya tsayar da mu a rana minti arba'in yana zuba turancin da ko ɗalibansa sai da ƙamus. Aka yi masa tambaya da Hausa, ya amsa da abin da ba a tambaye shi ba. Wata ƙaramar ma'aikaciya da ke riƙe masa jaka ce ta ja mu gefe daga baya ta warware mana cikin jimla biyar. A Jos, inda Birom, Afizere, Anaguta, Bahaushe da Ba'ibo ke haɗuwa a Hausa, masanin da ba zai iya sauko da iliminsa cikin harshen kasuwa ba ya zauna a ofis ya fi. Kamfanonin waje da suka daɗe a harkar sun san wannan, shi ya sa suke tambayar matafiya ra'ayinsu bayan kowace tafiya, kuma wanda ya gundure su ba a sake kiransa, komai yawan takardunsa.

Na uku ya fi nauyi. Sau da yawa kura ce ke shan bugu, gardi na karɓe kuɗi. Mafarauci ne ya san inda dabbar ke kwana, manomi ne ya san gonar da garma ke tono fasassun tukwane, amma sunan baƙo ne a jikin talla. Tsohuwar cuta ce. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, da jagororin gari da bayin da aka 'yanta ya yi tafiyarsa, kuma ɗaya daga cikinsu, Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, har Turai ya bi shi, ya zama hanyar da Turawa suka koyi Hausa. Mutum nawa suka san sunansa? Ilimin nan iri biyu ne, kuma kowanne na buƙatar ɗan'uwansa. Manomi ya san in shamuwa ta sauka damina ta ƙarato, ya san bishiyar da take komawa duk shekara. Masani ya san daga kudu da gabashin Afirka take tasowa, dubban kilomita. Wanda ya ji duka biyun shi ya san shamuwa. Abin da ya burge ni da Daktan nan na Bukuru ke nan: da aka tashi tafiya, ya zaro daga cikin abin da aka ba shi ya miƙa wa tsohuwar a gaban yara, ya ce ita ce ta koyar da rabin darasin.

Na huɗu, ɓarna. Kai mutane wuri na iya kashe wurin. Kayan Nok sun sha wawaso a shekarun 1990, ana haƙewa ana fitar da su Turai, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikinsu da fitar da su ba da izini ba. Wanda ya ce shi masani ne, kuma ya kai ka ɗakin da ake sayar da "tsohon kai", dillali ne.

Me talaka zai samu?

Kowace shekara Jami'ar Jos da ta Ahmadu Bello da sauransu na yaye ɗalibai a fannin duwatsu, dabbobi, tsirrai da tarihi, da yawansu su ƙare a shagon POS. A nan Jos akwai cibiyar koyar da aikin gidan tarihi, akwai makarantar koyon fim, akwai cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke nan tun 1924. Masana ba su yi mana kaɗan ba, wuraren gani ma haka. A ɗaya ɓangaren kuma ga Abuja, tafiyar 'yan awoyi, cike da makarantu, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da matasan da ke hawan duwatsu duk Asabar. Yawancinsu na wuce dutsen Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira 100, suna kashe naira 20 mai hoton Ladi Kwali, ba tare da sun san cewa a Suleja, wadda ita ce Abuja ta asali, ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a 1954 ba. Abin da babu shi ne mai haɗa waɗannan da waɗancan, da tsarin tantance wanda ya iya. In ba haka ba, duk wanda ya sayi rigar kaki da madubin hangen nesa zai zama farfesa a TikTok.

Ribar ba ta tsaya kan mai digiri ba. Ayarin da ya zo koyo yana daɗewa a wuri, yana kwana, yana cin masa da gwate, yana sayen jakar fata a Naraguta ko tukunya a Ushafa. Ayarin hoto kuwa minti goma ne, a bar wa 'yan gari ledar ruwa. Kuma ƙauyen da ya ga ana biyan ɗansa don ya nuna tsuntsu zai yi tunani kafin ya sare kurmin.

Sai dai akwai tsaro, kuma ba a yi masa kwaskwarima. Wasu daga cikin wurare mafi kyau a Filato suna yankunan Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu, waɗanda suka sha fama da hare-hare. A watan Fabrairun 2017 an sace Farfesa Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da abokin aikinsa a Janjala, jihar Kaduna, suna tsakiyar binciken Nok. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma 'yan gari biyu da suka bi sawun maharan sun rasa rayukansu. A irin wannan ƙasa, maganar ɗan gari kan ko a je ko kar a je tana gaba da ta kowane farfesa.

Kafin ka biya

In makarantar ɗanka ko wani kamfani ya ce akwai masani a tafiya, ka tambayi sunansa da fanninsa, ka duba ko fannin ya dace da inda za a je, don likitan dabbobi ba shi zai yi bayanin ganuwa ba. Ka tambaya ko zai wuni tare da ayari ne, ko zai yi jawabin minti goma a bakin ƙofa ya shiga motarsa. Ka ji yawan mutanen da za a tara masa, don in sun wuce ashirin na baya ba sa jin komai. Ka ji da wane harshe zai yi magana, da kuma ko akwai ɗan gari a tafiyar da abin da za a ba shi.

Lokaci ma a duba shi. Tsuntsaye da sassafe suke fita, motar da ta bar Terminus a tsakiyar Jos ƙarfe goma ta makara. Amurum wurin bincike ne, ba filin shaƙatawa ba, sai an nemi izini tun kafin ranar. Ruwan Assop da na Gurara da damina suke cika, amma a lokacin ne duwatsunsu suka fi santsi, don haka in da yara za a je, a tabbata manyan da ke tare da su sun isa riƙe hannuwansu.